Atisayen safe a makarantar dawakin Viyana

Abu uku aka fi sayar wa baƙo a Makarantar Hawan Doki ta Sifaniya da ke birnin Viyana na ƙasar Ostiriya. Akwai babban wasa, wanda dawaki ke fitowa cikin ado, tikitinsa kuma shi ya fi tsada. Akwai atisayen safe, inda za ka zauna ka kalli mahaya suna horar da dawakinsu kamar yadda suke yi kullum. Sai kuma zagayen barga tare da mai rakiya. Biyun ƙarshe na saya, a kansu zan yi magana. Shawarata ga duk wanda ya taso cikin dawaki ita ce ya haɗa su biyun, kuma ya fara da zagayen, domin abin da za a faɗa masa a barga shi zai buɗe masa ido a ɗakin atisaye.

A gidan da na tashi turke ba ya zama babu doki. Mahaifina yana cikin masu rufa wa hakimi baya ranar hawan sallah, mu kuma aikinmu yankan ciyawa, jiƙa dusa da kanwa, da fita kilisa da yamma. Gwanin mahayi a wurinmu shi ne wanda zai saki sukuwa, ya zo gaban jama'a ya yi zamiya ƙura ta tashi, bai motsa daga sirdi ba. Wasan da Turawa ke kira diresaj kuwa a talabijin na san shi, lokacin gasar Olamfik: mutum ɗaya da doki ɗaya suna zagaya fili a hankali, masu sharhi suna ta zuba sunayen da ban san kansu ba. Ina ganin kyan dokin, amma ban san me ake yabawa ba. Da ziyara ta kai ni wurin ƙanena da ke karatu a Viyana, shi ya saya mana tikiti ta intanet.

Makarantar tana cikin Hofburg, tsohuwar fadar sarakunan gidan Habsburg, ƙofarta tana dandalin Michaelerplatz. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin U3 zai sauke ka a tashar Herrengasse, daga nan ɗan taku ne. An laƙaba mata sunan Sifaniya ne saboda daga can aka kawo kakannin dawakin. Tun 1565 aka fara ambaton filin hawa a wurin, a 1580 kuma aka kafa gidan kiwo a Lipica, wadda yau take cikin ƙasar Sulobeniya, kuma daga sunan garin ne irin dawakin ya samu sunansa na Lipizzaner. Bayan rushewar daular Habsburg a ƙarshen yaƙin duniya na farko, kiwon ya koma ƙauyen Piber na Ostiriya a 1920, har gobe daga can ake kawo ingarmun.

Mai rakiyarmu wata dattijuwa ce mai haƙuri da tambaya. Ta fara kai mu babban ɗakin hawa, wanda aka gina tsakanin 1729 da 1735 bisa umarnin Sarki Karl na Shida. Tsawonsa mita 55, faɗinsa mita 18, tsayinsa mita 17, fari fat, da bene hawa biyu na 'yan kallo da manyan fitilu suna reto daga sama. Ƙasan kuwa rairayi ne. A tsakiya an kafa ginshiƙai biyu gajeru da ake horar da doki a tsakaninsu, a bango ɗaya kuma ga zanen sarkin bisa dokinsa.

Ɗakin kayan doki ya fi ɗauke mini hankali. Kowane ingarma da sirdinsa da linzaminsa, da sunansa a rubuce. Sirdin atisaye baƙi ne marar ado, na ranar wasa kuma an rufe shi da farar fatar barewa. Jalalar da ake shimfiɗawa ƙarƙashinsa launi biyu ce, ja da kore: kore ta dawakin da ke yin tsalle-tsalle ce, layukan zinariya da ke bakinta kuma suna nuna muƙamin mahayin. Na daɗe a gaban linzamin ƙananan dawaki. Ƙarfe ne mai santsi, mai gaɓa a tsakiya, babu zoben da ke kama haɓa, babu harshen da ke sukar dasashi. Na ajiye wannan a raina.

Daga nan muka tsallaka titi zuwa Stallburg, inda ingarmu kimanin 70 ke zaune. Ba a taɓa doki, ba a ɗaukar hoto, kuma ban ga laifin dokar ba, don da kowane baƙo zai miƙa hannu da dabbobin ba su huta ba. Ba su kai tsayin da nake zato ba, wajen santimita 155 ne, amma ƙirji faɗi, wuya kauri, cinya cike. A kuncin hagu akwai tambarin harafin L. Sunan kowanne biyu ne: na farko na zuriyar ubansa, na biyu sunan goɗiyar da ta haife shi. Zuriyar shida ce, Pluto, Conversano, Maestoso, Favory, Neapolitano da Siglavy, wannan na ƙarshen dokin Larabawa ne da aka haifa a 1810. Duƙushin baƙi ko ja ake haifarsa, sai ya yi ta washewa har ya zama kili tsakanin shekara 6 zuwa 10. Ɗai-ɗai ne ke zama da duhunsu har tsufa, kuma al'adar gidan ce a riƙa ajiye irin wannan a barga.

A tsakar gidan bargar ne dattijuwar ta tsaya ta koya mana abin da za mu nema da ido. Ta ce horon mataki uku ne. Ingarma yakan iso yana ɗan shekara 4, a fara koya masa tafiya gaba sosai a miƙe da mutum a bayansa. A mataki na biyu ake koya masa lanƙwasa jiki, tafiya a karkace, da amsa ƙafar mahayi. Na uku shi ake kira babbar makaranta. Gaba ɗaya sai an yi kimanin shekara shida kafin a ce doki ya ƙware, shi ya sa suke aiki har su haura shekara ashirin. Ta kuma ce duk aikin yana komawa ga abu ɗaya, wato tattarawa. Doki da halittarsa gabansa ya fi ɗaukar nauyi. Ana so a hankali ya koyi shigo da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, ya lanƙwasa gwiwoyinsu, ƙugu ya ɗan sauka, nauyi ya koma baya, gaban ya yi sauƙi. In haka ta samu wuya da kansa yake tashi ya yi baka, ba sai an ja shi ba. Kowane sunan motsi da muka ji daga baya, wani mataki ne na wannan.

Da safe, wajen ƙarfe goma, muka hau bene. Kiɗan gargajiyar Viyana yana tashi a hankali. Mahaya suka shigo cikin doguwar kwat ruwan ƙasa, farin wando na fata, dogayen takalma baƙaƙe da hula mai kusurwa biyu, kowa riƙe da tsumagiyar icce. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga hula ya gaida zanen sarkin da ya gina ɗakin. Babu jerin gwano, babu tsari na nuna wa 'yan kallo. Kowa ya kama aikinsa da dokinsa, in rukuni ɗaya ya gama ya fita wani ya shigo.

Ba a jima ba ƙanena ya matso ya raɗa mini: "Yaya, wai me kake kallo haka? Ni fa ban ga sun yi komai ba."

Na ce, "Bar kallon kan dokin. Dubi ƙafafun baya, ka ga inda suke sauka. In ka gama ka dubi hannun mahayin."

Wannan shi ne sirrin zaman. Wanda ya zo jiran tsalle zai ƙosa, kuma na ga waɗanda suka tashi tun ba a yi nisa ba. Amma in ka san tafiya bugu huɗu ce, sassarfa bugu biyu, ƙaramar sukuwa bugu uku, sai kunnenka ma ya shiga aikin. Akwai wani matashin ingarma, jikinsa bai gama washewa ba, toka-toka da dabbare. Duk sanda ya iso kusurwar da ke kusa da ƙofa sai ya ɗaga kai, bayansa ya sandare, sassarfarsa ta rikice. Mahayin bai ɗaga tsumagiya ba, bai fizgi linzami ba. Ya sa shi ƙaramin da'ira, ya dawo da shi bango, ya shigo da kafaɗunsa ciki kaɗan alhali ƙafafun baya suna kan layinsu, suka bi bangon a haka. Wannan shi ne kafaɗa-ciki, darasin da ake danganta shi da gwanin Faransa La Guérinière na ƙarni na 18. In ka tsaya ta gaba za ka ga sawu layi uku maimakon biyu. Amfaninsa shi ne ƙafar baya ta ciki dole ta shiga ƙarƙashin jiki ta ɗauki nauyi, hankalin dokin kuma ya bar ƙofa ya dawo kan mahayi. Suka yi ta maimaitawa har dokin ya sauke wuya ya furzar da iska ta hanci. Nan take mahayin ya sassauta linzami, ya shafa wuyansa, ya sa hannu a wani ɓoyayyen aljihu na bayan kwat ya ciro sukari ya ba shi. Aikin wannan kusurwar ya ƙare ke nan na ranar. Ni dai a nan na ga abin da na biya kuɗi na gani, kuma babban wasa ba zai nuna maka shi ba, tunda can abin da aka gama gyarawa ake kawowa.

Da manyan dawakin suka shigo sai sunayen suka fara samun jiki. Fasaj sassarfa ce mai jinkiri da tsayi, doki yana ɗan dakatawa a sama tsakanin taku da taku, kamar ƙasa tana tura shi. Fiyaf kuma ita ce sassarfar a wuri ɗaya, ba gaba ba baya: ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu su tashi tare, su sauka, ɗaya biyun su karɓa. In ta yi kyau sautinta tamkar lugude ne, mata biyu a turmi ɗaya, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, babu mai riga wata. In ba ta yi kyau ba ma za ka gane, domin ƙugu zai tashi sama, ƙafafun baya su riƙa jan ƙasa, wutsiya ta riƙa kaɗawa don ɓacin rai. Na ga wani dattijon ingarma ya fita daga fiyaf ya shiga fasaj ya sake dawowa, bugun bai canja ba ko kaɗan. Tsigar jikina ta tashi.

Sauya ƙafa a sama ya fi wuyar kamawa da ido. A ƙaramar sukuwa akwai ƙafar gaba ɗaya da ke jagora, ta dama ko ta hagu. A daidai lokacin da duk kofatai huɗu suka bar ƙasa sai dokin ya musanya, wadda ke bi ta koma jagora. Gwanaye suna yin haka a kowane taku, sai ka ga kamar doki yana tsallen murna a miƙe. Firuwet kuma juyi ne cikin ƙaramar sukuwa, ƙafafun baya suna taka ɗan wuri kaɗan, gaban yana zagaya su har ya dawo inda ya fara. Akwai kuma ratsa fili a karkace, doki yana gaba yana gefe lokaci ɗaya, jikinsa a lanƙwashe wajen da ya nufa, ƙafafu suna gittawa.

Tsalle-tsallen da ake bugawa a hotunan makarantar ba a yi alkawarin nuna su da safe ba, gara mutum ya san haka kafin ya saya. Ni na yi sa'ar ganin lebad, mai horarwa yana ƙasa riƙe da igiya. Da farko za ka ce ai miƙewa ce irin wadda dawakinmu ke yi a gaban sarki. Ba ita ba ce. Namu yakan miƙe sama sosai, ƙafafun baya a sandare, na gaba suna dukan iska. A lebad dokin zama yake yi a kan gwiwoyin baya, ya ɗaga gabansa ƙasa-ƙasa, wajen digiri 30, ya naɗe ƙafafun gaba, ya tsaya cik na 'yan daƙiƙu. Ƙanƙantar tashin ita ce wahalarsa, don duk nauyin yana kan cinya. Kurbet, inda doki ke tsalle gaba da ƙafafun baya kaɗai, da kafriyol, inda yake tashi sama ya yi harbi da baya yana shimfiɗe a iska, waɗannan sai a babban wasa aka fi samunsu, kuma mahayan ba sa sa likkafa in za su yi. Ana yawan cewa dabarun yaƙi ne na da. Ban gamsu ba. Dokin da aka kashe shekaru ana horarwa, ba na jin akwai mai kai shi gaban mashi ya ce ya buɗe cikinsa.

Abin da ya fi zauna mini shi ne hannun mahayan. Na zuba masa ido da gangan, na kasa kama lokacin da ake ba da umarni. Hannu a tsaye, ƙafa a kwance jikin doki, kaimi yana nan amma da wuya ka ga ya taɓa. Da mazauni da nauyin jiki da matsin ƙwauri ake magana. Dalilin yana cikin yadda ake rainon mahayin kansa. Ɗalibi yakan daɗe yana share barga, yana hawa dokin da wani ke riƙe da doguwar igiya yana zagaya da shi, babu linzami a hannunsa, babu likkafa a ƙafarsa, har zamansa ya daidaita. Ba a ba shi bakin doki sai ya daina buƙatar riƙe shi don kada ya faɗi. Kafin a kira shi cikakken mahayi shekara 8 zuwa 12 ce, kuma sai ya horar da ɗanyen ingarma da kansa har ya shiga wasa. Babu littafin da ke ɗauke da wannan duka, baki da baki ake miƙa shi daga babba zuwa ƙarami. Sai a 2008 aka fara ɗaukar mata, a 2016 kuma Hannah Zeitlhofer ta zama mace ta farko da ta kai matsayin cikakken mahayi.

Ina ƙaunar hawanmu, kuma ban ga abin da zai maye gurbin jafi a ƙofar fada ba. Hukumar UNESCO ta sa fasahar wannan makaranta cikin jerin al'adun duniya a 2015, ta sa hawan sallar Kano a jerin nan a 2024, kuma duka biyun sun cancanta. Amma na sha ganin doki ya dawo daga hawa kumfar bakinsa da jini-jini, muna cewa ƙarfin kai ne da shi. Linzaminmu mai zobe yana tsayar da doki nan take saboda zafi. A Viyana na ga ingarmu, ba dandaƙaƙƙu ba, suna aiki kusa da juna, suna yin abin da ya fi zamiya wuya, da ƙarfe mai laushi a baki. Ko manyan da ake sa wa linzami mai ƙarfe biyu, igiyar ba ta ɗaurewa tamau. Dawakinmu ma suna da wannan basirar, duk wanda ya ga doki yana taƙama da kiɗan algaita ya san haka. Lokaci ne ba mu ba su. Yaron da ya fara hawa bana muna miƙa masa linzami da bulala a rana ɗaya.

Wani amfanin da ban zata ba shi ne gasar talabijin ta daina yi mini duhu. Diresaj na gasa ya ɗan bambanta da na Viyana. Yana cikin Olamfik tun 1912, ana yin sa a fili mai mita 20 da 60 da haruffa a gefe, alƙalai suna ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10, dawakin sun fi tsayi da dogon taku, kuma babu lebad ko kafriyol. Amma fiyaf da fasaj da firuwet da sauya ƙafa duk su ne. Alois Podhajsky, wanda ya shugabanci makarantar lokacin yaƙin duniya na biyu, ya ci tagulla a diresaj a Olamfik na 1936. Shi ne ya nuna wa Janar Patton na Amurka dawakin a 1945 ya nemi kariyarsa, a shekarar da sojojin Amurka suka kwaso goɗiyoyin daga Hostau ta ƙasar Cekoslobakiya, inda aka kai su lokacin yaƙin. Makarantar, wadda yaƙin ya raba da gidanta na Viyana, ba ta koma ba sai 1955. Yanzu in na ga an ba wani maki 6 wani 9 a fiyaf, ƙugu da ƙafafun baya nake duba, kuma sau da yawa ina ganin dalilin.

Game da wurin zama, benen ƙasa ya fi kusa, har numfashin doki za ka ji. Na sama yana nuna maka zanen da dawaki ke yi a fili, da'ira da layin karkace, sai dai abin da ke ƙarƙashinka ba ka ganinsa sai ka leƙa. In da zaɓi, gajeren ɓangaren ɗakin ya fi, domin daga nan ne za ka ga ko doki a miƙe yake, ka kuma ƙirga layukan sawu a kafaɗa-ciki. Ba a ɗaukar hoto ko bidiyo, ba a shiga da yaron da bai kai shekara 3 ba, kuma wuri ne na shiru. Tikitin safe bai kai na babban wasa tsada ba. A tsakiyar bazarar Turai, wajen Yuli zuwa farkon Agusta, ingarmun sukan tafi hutu ƙauye, don haka a duba jadawalin makarantar kafin a sa ranar tafiya. Wanda kuma aljihunsa bai kai ba, ya tsaya da safe a bakin titin da ya raba Stallburg da ɗakin hawa, ta nan ake ratsawa da dawakin in za su aiki da in sun dawo, kuma ba a karɓar ko sisi.